Jan Filas da Gonar Malam Bukar

Azumin bana ya zo da zafinsa tun ranar farko. Jiya bayan azahar ina kwance a tsakar gida nan Azare, na jiƙa zani na lulluɓa, sai na ji jikina ya gane wannan zafin. Na lissafa da yatsu. Ashe azumi ya gama zagayensa, ya ratsa sanyi, ya ratsa kaka da damina, ya dawo daidai inda ya same ni shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ina da goyon fari a Katagum. Na leƙa ɗaki na dubi saman kabad. Jan filas ɗina yana nan, fentinsa ya koɗe, furannin jikinsa sun zama kamar tabo. Ba sau ɗaya ba yara sun ce a ba 'yan gwangwan shi, ina hanawa.

Daminar da ta gabaci wancan azumin ba ta yi mana kirki ba. Ruwa ya ɗauke gero yana fitar da kai, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba. Kafin a ga wata kogi ya janye ya bar 'yan kududdufai. Maigidana yakan wuni a cikinsu da komar kamun kifi, ya dawo da ƙananan kifin da ba su rufe gindin ƙwarya ba. Amma abin da ya fi ƙaranci a gidan ba hatsi ba ne, makamashi ne. Kara bai yi yawa ba, ɗan wanda aka samu kuma dabbobi sun cinye. Mata sukan tafi har bayan gonaki su tsinto ƙirare da busasshen kashin shanu. Saboda haka sau biyu ake hura wuta a gidanmu: da asuba a ɗumama tuwon sahur, da la'asar a dama kunun tsamiya a ɗora tukunya. Tsakanin nan murhu sanyi ƙalau, har kaza takan kwanta a tokarsa.

Mu huɗu ne a gidan. Ni, da maigidana, da mahaifiyarsa Inna, doguwar Bafulatana da ta tashi a ruga wajen Udubo, sai jaririyata. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa muke ce mata Ummi. Watanta huɗu a lokacin. Bayan na yi arba'in nonona ɗaya ya kumbura ya fashe, ɗayan kuma ga yunwa ga zafi, abin da yake bayarwa ba ya ƙosar da ita. Malamar ƙaramin asibitin garin ta ce a haɗa mata da madara. Maigidan ya riƙa sayo ta gari, irin wadda ake aunawa daga buhu a kasuwa, ni kuma in juye a gwangwani mai murfi.

Ni kuwa a lokacin ina ji da kaina. Na yi makaranta har aji uku na sakandare, na san akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, kuma a tunanina duk unguwar ni kaɗai na sani. Ruwan madarar Ummi sai na tafasa. Cokalinta da sabulu nake wankewa. Ga kuma filas, wanda mahaifiyata ta sa mini cikin kayan ɗaki, kaf layinmu babu mai irinsa. Da asuba wuta na ci sai in tafasa ruwa, in bar shi ya huce don kada madarar ta yi gudaji, in dama ta wuni guda, in ɗura a filas in toshe. Duk lokacin da ta yi kuka in tsiyaya, ga ta da ɗuminta daidai bakin jariri. Da la'asar in sake dama wadda za ta kai mu asuba. A ganina babu mai dabara kamata.

Inna ba ta taɓa yarda da wannan dabarar ba.

"Amarya," ta ce da ni wata rana, "mu dai a rugarmu, madarar da aka tatsa da safe in rana ta take ta zama ta manya. Ba a ba jariri."

"Inna, wannan ai a ƙwarya ne. Filas ba ya barin komai ya shiga."

"To, 'yar boko. Ni dai abin da ba na ganin cikinsa ban amince masa ba."

Na yi dariya a raina. Da ba azumi ba ne wataƙila da harshena ya gaya mini gaskiya. Amma baki a rufe yake, iyakata in ɗiga a bayan hannu in ji ɗumi.

Zafin shekarar nan ba ya faɗuwa. Kafin hantsi ya ɗaga ƙasa ta hana takawa. Mukan yayyafa ruwa a daɓen ɗaki mu kwanta a kai, kafin mutum ya juya ya bushe. Leɓe ya tsattsage, yawu ya zama kamar danƙo. Ina jin ƙamshin randa daga inda nake kwance, sai in juya mata baya. Da magariba kunu ne da ɗan ɗumame, in an yi sa'a da miyar kifi.

Ranar biyar ga wata Ummi ta fara gudawa. Aka sayo mata magani na ruwa a kwalba, na ba ta kamar yadda aka ce, bai tsaya ba. Kwana biyu idanunta suka faɗa, maɗigarta ta lotsa, kukanta ya zama kamar na ɗan kyanwa, babu hawaye. Ni da Inna muka hau a-kori-kura zuwa Azare, muka sauka gidan Goggo, ƙanwar mahaifina. A babban asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, ma'aikata suka riƙa dama mata madara da kansu. Kwana uku ta farfaɗo. Muka koma Katagum da murna, na ɗauko filas ɗina na ci gaba daga inda na tsaya. Ba a yi kwana huɗu ba ciwon ya dawo, ya fi na farko.

Mai neman laifi ba ya rasa wanda zai ɗora wa. Na zargi mai awon madara. Na zargi maganin kwalbar. Daga ƙarshe idona ya sauka kan Inna, don na ga tana yi wa yarinyar tofi tana shafa mata leɓe da yatsa. Na buɗe bakina na ce da uwar mijina, "Inna, don Allah ki riƙa wanke hannu kafin ki ɗauke ta." Ta dube ni. Daga ranar duk lokacin da za ta taɓa jikarta sai ta je murhu ta ɗebi toka, ta dirje hannu har gwiwa a gabana, ta ɗauraye da ɗan ruwan alwalarta. Har yau in na tuna wannan maganar nakan ji kunya kamar yanzu na faɗe ta.

Goman wuya ta same mu a Azare karo na biyu. Wannan karon sai da aka nemi jijiya a kan Ummi, don ta hannu ta ɓace. 'Yar fari ce, bai kamata a ga damuwata gaban surukata ba. Sai in zagaya bayan ɗakin Goggo in yi kukana in share fuska in dawo. Na fara fitar da rai, gaskiya. Da aka sallame mu Goggo ta ce babu inda za mu, mu zauna ta gani da idonta. Washegari da yamma cikin yarinyar ya fara ƙugi.

A yammacin ne Malam Bukar ya zo dubiya. Maƙwabcin Goggo ne na shekaru, Babarbare, iyayensa daga Borno suka zo. Yana aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti, inda ake kai jini da fitsari. Muka fito masa da Ummi zaure, ni da Inna. Ana cikin gaisawa ta fara kuka, na buɗe filas na tsiyaya a murfinsa.

"Hajara, yaushe aka dama wannan?"

"Da asuba, Malam. Da tafasasshen ruwa."

Ya karɓi murfin ya kai hanci, ya daɗe. Ya ce gobe da sassafe zai aiko da 'yan kwalabe biyar da ya dafa. In zuba masa garin madara a ɗaya, ruwan da na tafasa a ɗaya, maganin kwalba a ɗaya. In dama madara yadda na saba, in ɗebar masa nan take, sauran in ɗura a filas, da la'asar in sake ɗebar masa.

"Amma kafin in gama, kada ki ba ta ta filas ɗin nan. Goggonki tana da risho. A riƙa damawa kaɗan-kaɗan, ta sha nan take."

Raina ya sosu. Duk abin da ke gidan a rasa wanda za a tuhuma sai filas? Inna kuwa ta samu abokin wasa, don ba a haɗa Bafulatani da Babarbare a rabu lafiya.

"Kai Babarbare, me za ka yi da madarar jariri? Shayin buɗa baki?"

"Shukawa zan yi, Bafulatana. Ku da ba ku san noma ba sai bin saniya."

"Shuka da rani? Lalle Barebari sun ci gaba."

Bayan kwana biyu ya aiko mu zo. Muka bar Ummi wajen Goggo, don cikin nata ya lafa. Wurin gwajin nasa ɗan ƙaramin ɗaki ne mai warin magani. Ya jera 'yan faranta biyar na gilashi a kan tebur, kowanne da murfinsa, a cikin kowanne akwai wani abu kamar daskararren koko. Ya ce wannan abincin ƙwayoyin cuta ne. Yakan shafa ɗan abin da yake son gwadawa a kai, ya rufe, ya ajiye a ɗumi. In akwai ƙwaya ko ɗaya ce za ta ci ta hayayyafa har ta zama ɗigon da ido zai gani.

Ya nuna na ruwa, fes. Na magani, fes. Inna ta leƙa ta taɓe baki.

"Gonar taka ba ta fito ba. Ko ta fito ma, gonar da ba a cin amfaninta ai wahalar banza ce."

"Yi haƙuri dai, ba mu kai fadama ba."

Na garin madara akwai 'yan ɗigo uku ko huɗu. Na madarar asuba ma 'yan kaɗan, ana iya ƙirgawa. Sai ya turo na biyar, na la'asar. Ba a ganin ƙasan farantin. Ɗigo kan ɗigo, fari da rawaya, sun haɗe sun rufe shi kamar an watsa gero. Ya ɗan ɗaga murfin, warin ya buge ni, na toshe hanci da mayafi. Inna ta yi salati.

"Garin madara ba ya rasa 'yan kaɗan," in ji shi, "ko na gwangwani ne, balle na buɗaɗɗen buhu. Amma a bushe barci suke yi, kamar iri da rani. Ruwan da kika bari ya huce bai kashe su ba, tashe su ya yi. Zo nan."

Ya buɗe wani farin akwati na ƙarfe, inda yake ajiye farantan su kwana. Ya ce in sa hannuna ciki.

"Me kika ji?"

"Ɗumi."

"Irin na ina?"

Bayan hannuna ya riga ya san wannan ɗumin, kullum sai na ɗiga shi sau biyar ko shida ina jin daɗi. Ashe tun asuba har la'asar abin da akwatinsa yake yi shi filas ɗina yake yi, ni kuma in tsiyaya in ba 'yata da hannuna. Gani ya kori ji. Na sunkuyar da kai, idona ya faɗa kan hannun Inna da ke dafe da tebur. Duk ya tsattsage saboda toka, bakin yatsun har da jini. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam Bukar bai yi mini faɗa ba. Ya ce tsabtata ba ta da laifi, ajiyar ce ta ɓata ta. In dama da ruwa yana da zafinsa sosai, gudajin cokali zai murje shi. In tsoma kofin a kwanon ruwan sanyi ya huce, in ba ta nan take. Abin da ta rage a zubar. Filas kuma in wanke shi da tafasasshen ruwa, kada ya ƙara ganin madara, kuma har yarinyar ta warke kada in dogara da shi ko don ruwa, tunda toshiyarsa ta sha madara ta ƙoshi. Nono kuwa, ko kaɗan ne, in ci gaba da ba ta.

"Wuta fa, Malam? Sau biyu muke hurawa."

"Wannan kuma ba ya cikin farantina, Hajara."

"Wuta tawa ce," in ji Inna. Ta ja mayafinta, ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo ta yi masa godiya da Fulatanci: "Mi yetti." Ya ce bai ji ba, ya nemi ta maimaita da Hausa. Ta ce ba za a ji ta gode wa Babarbare da yaren da za a kafa shaida ba.

A bayan mota, hanyar komawa, na tattara ƙarfin halina na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta ce, "Riƙe yarinyar da kyau, akwai gargada a gaba." Iyakar abin da ta taɓa faɗa ke nan a kan maganar har ta bar duniya.

Goman ƙarshe da ake ce wa ta ɗokin salla, mu a bakin murhu muka yi ta. Ana idar da sallar asuba Inna takan ɗauki igiya da tsohon buhu ta fita, tsohuwa da azumi a baki, ta dawo da hantsi da ɗan ƙullin ƙirare a ka. Ta haɗa 'yan duwatsu uku ƙanana, ta ɗora gwangwani, tsinke huɗu ko biyar sun isa tafasa ruwan kofi ɗaya. Ta je wajen limamin unguwa da kanta, ta dawo ta ce mai shayarwar da ake tsoron lafiyar ɗanta an yarda ta sha, ta rama daga baya. Na ce ina jin kunya. Ta ce kunyar ta jira bayan salla. Ta riƙa tura ni ɗaki da ƙwaryar kunu tana zaune a bakin ƙofa tana gadi, nonon kuwa ya ɗan dawo.

Hayaƙi da rana tsaka cikin azumi ba ya ɓoyuwa. Matan maƙwabta suka fara leƙowa ta kan zana.

"Gidan Inna an ga watan salla ne ba a gaya mana ba? A sam mana mana!"

Inna ta zaunar da su ta ba su labarin gonar Babarbare, har da ƙari. Washegari muka fara tsintar ƙirare a tsakar gida, an jefo ta kan zana, ba a san mai jefowa ba. Wata maƙwabciya da take dafa wa yaranta ɗan wake da rana takan ƙwala kira, "Maman Ummi, ga wuta kafin ta mutu!" In ruga da gwangwanina. Wata mai jego a bayan gidanmu ta riƙa aiko da garwashi a kasko duk lokacin da aka dafa mata ruwan wanka. Su ma ba su da makamashin, daga bakin tukunyarsu suke ragewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zubar da ragowar madara, ga tsada ga babu mai sha da rana. Ɗan akuyar Inna ya yi ƙiba a wannan satin, har na koyi dama daidai cikin Ummi.

Ranar ashirin da bakwai ga wata Inna tana riƙe da Ummi a cinya, yarinyar ta jiƙa mata zani sharkaf. Tsohuwa ta ɗaga ta sama tana dariya tana cewa, "Ruwa ya dawo rijiya!" Ban taɓa ganin wanda aka yi wa fitsari ya yi murna haka ba. Maɗigar ta cika, kukan ya dawo da ƙarfinsa har da hawaye. Ranar salla ba mu yi sabon ɗinki ba, tuwon ma na dawa ne da miyar kuka. Amma Ummi ta kama ɗan kunnen Inna ta ja, ta ƙyalƙyale da dariya. Ban taɓa yin salla mai daɗin wannan ba.

Yanzu gas ne a ɗakin girkina, ana murɗawa wuta ta kama. Madara a liƙe take zuwa da kwanan watan lalacewarta a jiki, Ummi ba ta sayen ko maganin tari sai ta juya kwalbar ta karanta. Inna ta rasu Ummi tana aji biyar na firamare, bayan nan muka dawo Azare. Tun daga lokacin duk azumi sai na dama kunun gyaɗa an kai gidan Malam Bukar. Ya daɗe da barin aiki, idanunsa sun yi rauni, sai dai ya gane mutum da murya. Ummi ce mai kaiwa, ko da ta yi aure ba ta bar wa kowa ba.

Yau na ce da ni za a je. Muka same shi a zaure kan buzu, gab da magariba. Ummi ta durƙusa ta ajiye kwanon, goyo a bayanta, manyan 'ya'yanta biyu suna gefe.

"Yaushe aka dama wannan?"

"Yanzu-yanzu, Baba Malam. Taɓa ka ji, ko hucewa bai yi ba."

Kowace shekara sai ya yi wannan tambayar, kowace shekara sai an yi dariya. Ya miƙa hannu yana laluben kawunan yaran ɗaya bayan ɗaya, har ya kai kan na goye. Ya bar tafinsa a kan maɗigar jaririn.

"Hajara, kina nan?"

"Ina nan, Malam."

"Bafulatanar nan ta ce gonata ba a cin amfaninta. Allah ya jiƙanta, ta yi saurin tafiya. Da yau na nuna mata."

Na ja mayafi na rufe fuska, wannan karon ban zagaya bayan ɗaki ba. Aka kira salla, Ummi ta sa masa ludayi a hannu.